Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo Mai Gwandu da Asalin Gidansu

Bismillahir Rahmanir Rahimi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, wannan labarin Malam Abdullahi ne ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi kuma wazirinsa, wanda ake ce wa Mai Gwandu, waɗansu kuma su ce Mai Boɗinga, tare da bayanin asalin gidansu kamar yadda ya zo cikin takardun da shi da kansa ya bari. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Sanin kowa ne mafi yawan mutanen ƙasar nan, in aka ce mutum ya lasafta kakanninsa, zai kawo ubansa da kakansa, in ya yi ƙoƙari ƙwarai ya ƙara da uban kakan, daga nan sai ya yi turus, ya ce sai an tambayi tsofaffi, alhali kuwa tsofaffin sun kwanta dama da abin da ke cikin kawunansu. Ga shi ba a raba gado sai an san wane ɗan wane ne, ba a ɗaura aure sai an san wa ya halatta ga wa, zumunci ma ba ya saduwa a hannun wanda bai san danginsa ba. Malam Abdullahi bai bar zuriyarsa cikin wannan duhu ba. Cikin shekara ta 1227 daga Hijira, watau 1812 ta Miladiyya, bayan ƙurar jihadi ta ɗan lafa, ya rubuta wani ɗan littafi da Larabci mai suna Ida'un Nusuki. Warƙoƙinsa kaɗan ne, mai karatu zai iya sauke shi tsakanin Azahar da La'asar. Nufinsa da littafin shi ne ya ambaci malaman da ya ɗauki ilmi a gare su. To, da yake malaminsa na fari shi ne mahaifinsa, wanda ya karantar da shi Alƙur'ani, sai ambaton uban ya jawo ambaton kakanni. Ta ƙofar makarantar allo ke nan nasaba ta shiga littafin, kuma wanda ya lura da wannan zai fahimci abubuwa da dama cikin halin mutumin.

Ga yadda silsilar take. Abdullahi ɗan Muhammadu ne, wanda ake wa laƙabi da Fodiyo, ma'anarsa da Fulatanci malami masanin fiƙihu. Shi kuwa Muhammadu Fodiyo ɗan Usmanu ne, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jobbo, ɗan Muhammadu Sambo, ɗan Ayuba, ɗan Masirana, ɗan Buba Baba, ɗan Musa Jokollo. In aka ƙidaya daga Fodiyo zuwa Musa, mutum 11 ke nan. Musan nan shi ne ya taso da jama'arsu ta Toronkawa daga yamma, daga ƙasar Futa Toro da ke gaɓar kogin Sanagal, suka yi ta yin gabas har suka sauka ƙasar Ƙwanni, wadda yau take cikin Jamhuriyar Nijar dab da iyaka. Da Malam Abdullahi ya zo kan labarin tasowar nan, sai ya nuna cewa ji ya yi daga bakin magabata. Wannan ita ce amanar mai riwaya, ya rarrabe abin da ya gani da abin da aka gaya masa.

Wanda ya jera kofe biyu ko uku na nasabar nan zai ga daga Abdullahi har zuwa Muhammadu Sambo bakinsu ɗaya ne. Daga nan sama ne saɓani ya shigo: wani ya gabatar da Masirana a kan Ayuba, wani kuma ya ƙara Abubakar tsakanin Buba Baba da Musa. Ba abin mamaki ba ne. Duk wanda ya taɓa jujjuya littafi da alƙalami ya san yadda ido kan tsallake layi in sunaye suka yi kama, balle sunayen Fulatanci da aka rubuta da baƙaƙen Larabci, sau da yawa ba wasali. Larabci ba shi da wasalin o, saboda haka Jokollo ya zama Jukullu a bakin wanda bai san harshen ba, Jobbo ya zama Jubba. Sambo kuwa magabata da harafin sa mai ɗigo uku suke rubuta shi, har Turawan da suka fassara takardun suka ɗauka wani suna ne dabam. Mai neman asalinsa cikin tsofaffin takardu, in bai san wannan ba, sai ya mai da mutum ɗaya mutum biyu.

Littafin bai faɗi shekarar da Musa Jokollo ya sauka Ƙwanni ba, amma lissafi yana kai mutum kusa. In aka ba kowane kaka shekara 30 tsakaninsa da ɗansa, 11 sau 30 ya ba da 330. A cire wannan daga shekarar haihuwar Malam Abdullahi, 1766, sai a faɗa wajen tsakiyar ƙarni na 15 na Miladiyya. Littafin tarihin sarakunan Kano kuwa ya ce zamanin Sarki Yakubu ɗan Abdullahi Burja, wanda masu ƙididdiga suka sa mulkinsa daga 1452 zuwa 1463, Fulani suka zo ƙasar Hausa daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga. Marubucin Kano bai yi shawara da na Gwandu ba, ga shi maganarsu ta haɗu a zamani ɗaya. Shaidu biyu da ba su san juna ba sun fi goma da suka kwana ɗaki ɗaya.

Bayan Musa Jokollo ba sauran jerin sunaye, sai riwaya. Riwayar ita ce wadda kowane Bafillace ya sani, cewa Uƙba, ɗaya daga cikin mayaƙan Musulunci na fari a ƙasashen Magrib, ya iso wurin Toronkawa, ya auri Bajjo Mango 'yar sarkinsu, daga gare su Fulani suka yaɗu. Malam Abdullahi ya kawo ta, ya ce Uƙba ɗan Amiru ne. Waɗansu marubuta na baya suka ce ɗan Nafi'u, waɗansu ɗan Yasiru. Uƙba ɗan Amiru sahabi ne, ya yi gwamnan Masar, a can ya rasu cikin 58 ta Hijira. Uƙba ɗan Nafi'u shi ya gina Ƙairawan cikin 50 ta Hijira, ya yi shahada cikin 63 a Tahuda, ƙasar Aljeriya ta yau. Kowanne aka ɗauka, tsakaninsa da Musa Jokollo kusan shekara 800 ne, ba sunan mutum ko ɗaya a tsakani. Ƙa'idar malamai ita ce ana amince wa mutane a kan nasabarsu, ba a sukarta ba hujja. Amma fa ba a ɗora hukunci a kan irin wannan riwaya kamar yadda ake ɗora shi a kan jerin da aka san ɗa da uba. Malam Abdullahi bai cike giɓin nan da sunayen ƙirƙira ba, ko da yake da ya so yi ba wanda ya isa ya ja da shi a zamaninsa.

Wajen uwa kuma nan ne takardar ta fi daɗin bi. Mahaifiyar Shehu da Abdullahi ɗaya ce, Hauwa'u 'yar Muhammadu ɗan Usmanu ɗan Hamma ɗan Al, shi kuwa Al ɗan Jobbo ne. Ashe igiyar uba da ta uwa sun haɗu a kan Jobbo: uba ya sauko ta Gurɗo, uwa ta sauko ta Al. Auren zumunci ke nan irin na Fulani, gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa. Akwai kuma riwayar da ta sada gidan da sharifai ta wajen wata kakar Hauwa'u, an rubuta ta cikin littattafan Sakkwato. Duk da haka, sa'ad da jama'a suka fara raɗe-raɗin cewa Shehu shi ne Mahadi, Shehu da kansa ya ƙaryata, ya kafa hujja da cewa shi a Maratta aka haife shi cikin ƙasar Sudan, siffofin Mahadi kuwa dabam suke. Gida ne da ba ya karɓar darajar da bai tabbatar tasa ce ba.

To, a dubi sunayen malaman da ke cikin littafin a gwama su da nasabar uwa. Malam Abdullahi ya fara da lasafta malaman Shehu kafin nasa. Cikinsu akwai Usmanu Binduri ɗan Al'aminu ɗan Usmanu ɗan Hamma ɗan Al, wanda Shehu ya karanci Muhtasar gare shi, ya lazimce shi kamar shekara biyu, ya ɗauki halinsa na umurni da kyakkyawa da hani ga mummuna. Wannan da Hauwa'u 'ya'yan wa da ƙane ne. Akwai Alhaji Muhammadu ɗan Raji ɗan Modibbo ɗan Hamma ɗan Al, wanda Shehu da Abdullahi suka saurari Sahihul Buhari a gabansa wajen 1201 ta Hijira. Akwai Muhammadu Sambo, shi ma cikin iyayensu yake, ya yi aikin haji ya daɗe a Gabas, ajali ya cim masa a Agadas kan hanyar komowa cikin 1207, Abdullahi ya yi masa marsiyya. Mutum ya shiga neman malami sai ya tarar da kawu, ya shiga neman kawu sai ya tarar da malami. Abin da gidan ya gada tun daga Ƙwanni zuwa Maratta zuwa Degel ke nan, allo da tawada da littafi. Ba a ji an ce ko ɗaya cikin kakannin nan ya riƙe sarautar wani birni ba.

Amma kada a ɗauka ilmi a gidan ya tsaya ga dangi. Cikin jerin akwai Malam Ibrahimu Babarbare, akwai kuma babban shehinsu Malam Jibrilu ɗan Umaru na ƙasar Adar, wanda ba jininsu ba ne, suka girmama shi fiye da kowa. Malam Jibrilu ya yi haji sau biyu, ya sadu da Sayyid Murtala Zabidi mai ƙamus ɗin Tajul Arusi a Alƙahira, ya karɓi ijaza gare shi, ya zo ya ba almajiransa. Ta nan isnadin ƙauyen Degel ya sadu da na Masar da Hijaz.

An haifi Malam Abdullahi wajen 1180 ta Hijira, Shehu ya girme shi da shekara 12. Da ya kai shekara 13, ya sauke Alƙur'ani, sai mahaifinsu ya damƙa shi a hannun wansa. Gare shi ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin Larabawan jahiliyya, da tauhidi daga littattafan Sanusi, da nahawu daga Ajuruma da Ƙaɗrun Nada, da fiƙihu daga Ahalari da Ishmawi da Risala, ya kuma ji tafsiri daga Fatiha har Nasi ba sau ɗaya ba. Littattafan da almajiri ke farawa da su ne a zaurukan Kano da Zariya da Katsina har yau, ba wani asiri a ciki sai naci. Duk inda Shehu ya tafi wa'azi yana biye da shi, Kabi da Zamfara, inda suka yi kamar shekara biyar. A can ne wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya aiko da baitoci yana sukar halartar mata wurin wa'azin Shehu. Shehu ya ce Abdullahi ya mayar da jawabi, yana saurayi ɗan shekara ashirin da kaɗan. Ya mayar cikin waƙa da karin da mai sukar ya zo da shi, hujjarsa kuwa ita ce barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi muni, kuma ana ɗaukar ƙaramar cuta don a kauce wa babba. Yana nan kuma a Magami ran Babbar Salla ta 1202, watau 1788, sa'ad da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi a bar shi ya kira mutane ga Allah, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Labarin jihadi sananne ne, ba sai an tsawaita ba. Cikin Fabrairu 1804 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, aka yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. Shi ya ja rundunar jama'a a Tafkin Kwato cikin Yuni na shekarar, aka kori Sarkin Gobir Yunfa. Bayan wannan aka sha wuya a Tsuntsuwa, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada. Cikin 1805 ya buɗe Birnin Kabi, jama'a suka koma Gwandu, aka kuma gamu da wata masifar a Alwasa kafin shekarar ta fita. Malamin nahawu ne da arula, amma an harbe shi da kibiya a fagen fama, bai san yaƙi ta bakin wani ba.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne abin da ya auku wajen 1807. Nasara ta fara samuwa, ganima ta yawaita, mutanen kirki da aka fara tafiyar da su yawancinsu sun yi shahada. Ya duba waɗanda suka rage da waɗanda suka shigo daga baya, ya ga himmar da yawansu ta koma ga mallakar garuruwa da tara ƙwaraƙwarai da tufafin ado da dawaki. Zuciyarsa ta ƙi. Ana cikin tafiya yaƙi ya bar runduna, ya bar iyali da dangi, ya fuskanci gabas da nufin zuwa Makka da Madina, shi da 'yan abokai kaɗan, suka keta daji har suka isa Kano, zamanin Sarki Sulaimanu. Mutanen Kano suka tare shi, suka ce sun kori sarautar da, amma ba su san yadda ake tsai da sabuwa bisa shari'a ba. Ya zauna ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayanin naɗin shugaba da wazirai da alƙalai da hukuncin jihadi da siyasar shari'a, ya kuma karanta musu tafsirin Alƙur'ani. Sa'an nan ya haƙura ya komo gida. Shi da kansa ya ba da wannan labari cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya tara waƙoƙinsa a ciki cikin 1228, bai ɓoye ɓacin ransa ba, bai kuma keɓe danginsa daga zargin ba. Mutumin da ya fi kowa sanin wane ɗan wane ne cikin Toronkawa, shi ne ya juya musu baya ranar da ya ga sun karkace.

Alƙalawa ta faɗi cikin 1808. Cikin 1812, shekarar da aka rubuta Ida'un Nusuki, Shehu ya raba kula da ƙasa, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ya zauna Boɗinga kusa da Sifawa inda Shehu yake. Rabon Abdullahi shi ne ya ƙunshi Kabi da Yawuri da Nufe da Gurma, daga baya har Ilori, watau ƙasashen da ayarin fatake ke ratsawa zuwa Gwanja sayen goro. A shekarun nan shi da Shehu sun yi saɓanin fahimta a rubuce a kan kiɗan tambura da sa tufafin alfarma ga masu mulki da kiran shugaba da laƙabin sarautar mulukiya. Shehu ya sassauta, Abdullahi ya tsananta, kowa da hujjarsa daga littafi, ba kuwa wanda ya fita daga ladabi. Tsoron Abdullahi ɗaya ne, kada shugabancin Musulmi ya koma irin sarautar da aka yaƙa, wadda ake samu da gado da rinjaye.

Ran 3 ga Jimada Sani 1232, watau 20 ga Afrilu 1817, Allah Ya karɓi ran Shehu a Sakkwato. A nan takardar nasaba ba ta iya raba gardama, gama ga ɗa ga ƙane, ɗaya daga tsatsonsa, ɗaya cikinsu ɗaya da shi. Abdullahi ya girmi Bello da shekara 15, malaminsa ne kuma, gare shi Bello ya karanta nahawu. Manyan jama'a da ke Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a. Masu tarihi sun ruwaito cewa da Abdullahi ya taso daga Boɗinga ya tarar da ƙofar gari a rufe, sai ya juya, daga bisani ya koma Gwandu da zama. Cikin shekarar ya rubuta Sabilus Salama a kan sharuɗɗan imamanci. Ba daidai ba ne a ce abin bai sosa masa rai ba, ɗan Adam ne, kuma shekaru suka wuce tsakaninsa da ɗan wansa ba armashi. Amma bai ɗaga tuta ba, bai tara runduna ba, alhali rabin ƙasa na hannunsa, kuma da ya yi da ya sami mabiya. Daular da aka kafa da jinin mahaddatan Tsuntsuwa da ta tsage biyu tun ba ta shekara 15 ba.

Sulhu ya zo ta hanyar da ba a zata ba. Sauran mutanen Abdussalami, wanda ya yi tawaye bayan rasuwar Shehu, suka taru a Kalambaina kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Wajen 1820 zuwa 1821 Bello ya taso da runduna ya kawo wa baffansa gudummawa, aka ci garin. An ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, shi ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. An kuma ruwaito cewa a nan ne ya miƙa rigar wazirci ga Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u 'yar Shehu, wazirci kuwa ya zauna a gidan Giɗaɗo tun daga ran nan.

Daga nan ya saki yawancin al'amuran mulki da yaƙi ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, wanda ya tashi a hannunsa, shi kuwa ya koma ga abin da ya fi so. Tun cikin 1231 ya gama babban tafsirinsa, Liya'ut Tawili, wanda aka buga a Alƙahira cikin 1961, mujalladi huɗu. Da ya ga ya yi wa ƙananan almajirai nauyi, sai ya taƙaita shi cikin 1238 ya sa masa suna Kifayatu Lu'afa'is Sudan, ya bi riwayar Warshu da mazhabar Maliku kaɗai, domin su mutanen ƙasar suka sani. Yana da Bahrul Muhiɗi a nahawu da Hisnur Rasini a sarfu, duka a waƙe. Ya rasu a Gwandu a farkon 1245 ta Hijira, watau 1829, yana da wajen shekara 65. Nana Asma'u ta yi masa marsiyya.

Sai ga wani abu da mai bin nasaba ba zai tsallake ba. Mutumin da ya yi ta gargaɗi a kan sarautar gado, 'ya'yansa shida suka riƙe Gwandu bayansa ɗaya bayan ɗaya: Muhammadu, da Halilu, da Haliru, da Aliyu, da Abdulƙadiri, da Almustafa, daga 1829 har 1875, shekara 46 ke nan, kana jikoki suka karɓa. Gaskiya ne masu zaɓe ne ke zaɓa, kuma cikinsu an sami malamai na ƙwarai. Halilu, wanda ya fi su daɗewa, ya shahara da gudun duniya da keɓewa. A zamaninsa ne Bature matafiyi Barth, wanda ake kira Abdulkarimu, ya sauka Gwandu cikin 1853, ya kuma sami kofen Tarihus Sudan, tarihin Sanwai da Tumbutu, a hannun wani malamin garin, ya kwafi abin da ya iya. Wannan ya nuna irin littattafan da ke cikin taskokin Gwandu shekara 24 bayan rasuwar mai ita. Amma zaɓen bai taɓa fita daga gidan ba, haka kuma aka yi a Sakkwato da sauran manyan garuruwa. Silsilar da aka rubuta don a san wa ya karantar da wa, ita ce daga baya aka riƙa buɗewa don a san wa ke da haƙƙin gadon sarauta. Ko wannan ya tsare ƙasar daga fitina ne, ko kuwa shi ne abin da Malam ya ji tsoro, malamai sun daɗe suna jayayya a kai, kowane ɓangare kuma cikin littattafansa yake neman hujja.

Aikin rubuta nasaba bai tsaya gare shi ba. Bello ya kawo nasabar Shehu cikin Infaƙul Maisuri, Waziri Giɗaɗo ya lasafta matan Shehu da 'ya'yansa da almajiransa cikin littattafansa, ɗan jikansa kuma Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya tattara abin da ya warwatse, ya rubuta da Larabci da Hausa. Ida'un Nusuki kuwa wani Bature da ya koyar a Makarantar Nazarin Larabci ta Kano, Hiskett, ya buga shi da fassara a Ingila cikin 1957, ya kuma buga Tazyinul Waraƙati a Ibadan cikin 1963.

Turawa sun shiga Gwandu cikin 1903. Bayan 'yan shekaru aka ɗauke mazaunin sarauta aka kai Birnin Kabi, garin da Malam Abdullahi ya buɗe da takobi cikin 1805, a nan zuriyarsa suka ci gaba da sarauta, cikinsu har da Sarki Yahaya daga 1938 zuwa 1954, da Haruna Rashidu daga 1954 zuwa 1995. Hubbarensa kuwa yana nan a tsohon garin Gwandu, masu ziyara suna zuwa. Allah Ya haskaka makwancinsa, amin.